Kalmar da Kika Koya Mini

Ama, mahaifiyata,

Ina gaishe ki daga Pune, nan Indiya. Ya ciwon ƙafar? Ya ɗana Biraj? An girbe geron?

Lafiyata lau, sai dai a gidan yari nake kwana yanzu. An yi sata inda nake gadi, 'yan sanda suka birkice ɗakina, suna tambayata da Marathi, yaren garin nan. Ban gane ba, na yi ta cewa "Hajur?", wato "Na'am?" da yarenmu, yadda kika koya mini in ce in ban ji maganar babba ba. Suka rubuta "eh", wai na amsa laifi, na dangwala yatsa.

Lauya ta ce, "Tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru. Wa ya aike ka ka yi magana?"

Ki sa mini albarka. Biraj kuwa, Ama, koya masa shiru.

Ɗanki,
Lokendra