Fatar Jan Biri

Laraba da dare, watan Safar, Challawa.

Yau an tsinci fatar jan biri cikin fatun awaki a kamfaninmu na jima. Na yafa ta, na diro wa Baba Idi mai gadi ta baya. Ko gezau. Ya shafa ta, ya ce, "Ɗan nan, a da saboda su muke wuni gadin gona a garinmu. Yanzu ko ɗaya babu. Sai ɗan ƙwaron nan da tsutsarsa ke cin ganyen tumatir ta ciki, ya gagari feshi."

Na ce, "To Baba, ƙaramin ya fi wayo ke nan." Bai yi dariya ba.

Yatsun fatar kamar na jariri. Na yi wanka sau biyu, har yanzu ina jin su a wuyana.