Tafiya da Kan Keken Yaya

Litinin, bayan la'asar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙarfin jiki? Yaya ƙafar, yaya hannun? Ina fatan surukarki tana matsa miki su safe da yamma yadda likita ya ce, kuma ba kya korarta. Ki gaishe min da ita, da maigida, da jikoki.

Na san zuwa yanzu kin ga teburin kekenki na ɗinki babu kai. Ba ɓarawo ba ne, ni ce. Kuma ba sayarwa na tafi yi ba, ko da yake haka kika ce a yi. Tun da ciwon nan ya taɓa miki ɓarin hagu wata biyar da suka wuce, sau uku kina cewa a kai shi kasuwa tunda ba kya iya taka feda, sau ukun ina cewa to. Kin dai san irin "to" ɗina. An ba ni labarin wani tsoho mai gyaran keken ɗinki a babban birni, wanda yake sa wa irin naki ɗan injin lantarki, a riƙa taɓa shi da ƙafa ɗaya. Wurinsa na nufa. Da na yi shawara da ke da kin hana, shi ya sa na sulale da sassafe.

Takarda na zaɓa saboda kin daina karɓar waya, wai kada a ji yadda harshenki ya yi nauyi. Direban motar safe zai riƙa kai miki. In kina da faɗa, ki rubuta ki ba shi, hannun damanki ai lafiyarsa ƙalau.

Yaya, shekara talatin da ɗaya muna hawa mota tare zuwa sayen yadi, sai yau na gane ke ce matafiyar, ni rakiya nake yi. Ban san ma ana zaɓen kujera ba. Na zauna a ta can baya, kan taya, duk ramin da ke hanya sai da ya gaishe ni a ƙugu. Wata mai sayar da sabulu da ke gefena ta ce mace ita kaɗai ta nemi layi na biyu bayan direba, kuma ta rage shan ruwa sai an kusa tsayawa. Ashe dalilin da ya sa kike ƙwace min gora ke nan, ni kuwa ina ta ƙullatarki da rowa.

Na kuma koyi cewa in za ki tambayi hanya, kada ki tambayi wanda ke tsaye yana kallon mutane. Ki tambayi wanda ke zaune da sana'arsa, gobe ma nan za a same shi, ba zai so ki dawo ki ce ya ɓatar da ke ba. Ni da kike cewa sai an sa hannu an zaro min magana daga baki, yau mutum biyar na yi wa tambaya, kuma babu wanda ya cije ni.

Yanzu ina garin da ake canza mota, a wani ɗakin baƙi mai gado ɗaya da taga mai kallon tasha. Motar birni ta tafi ta bar ni. Dalilin yana da tsawo, zan faɗa miki in kunya ta sake ni. Keke lafiya lau, yana nan kan kujera cikin buhunsa.

Allah Ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki,
Shiru-shiru


Laraba, da hantsi

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin kwana lafiya, kuma kina cin abincin da ake kawo miki, ba kya ture kwano ki juya wa bango fuska ba. Na iso birni jiya lafiya. Ban samu amsarki ba. Direban motar birni ya ce na garinmu ya gaya masa surukarki ta karɓi takardar, shi ke nan abin da ya sani.

To, ga abin da na ɓoye. Ki yi dariya in kina so, ni ma zan so a ce kin yi.

Kin san tsarinmu a kowace tasha. Mu sauka, in dire kaya kan benci kusa da ke, in je in yanki tikiti, in shiga mota in kama mana wuri, ke kuma ki biyo da kaya in an fara lodi. Ranar Litinin na sauka, na dire buhun keke kan benci, na ce ki riƙe min, na yi gaba abina. Wallahi da bakina na faɗa, ga benci babu kowa. Na yanki tikiti, na shiga mota, na ɗora jakata kan kujerar taga na kama miki. Har ayaba na saya ta taga, na ware miki manyan.

Sai da mota ta cika kwandasta ya zo ya ce kujerar nan ta wace ce. Na ce ta yayata ce, tana zuwa da kaya. Ina rufe baki na tuna kina gida, buhu kuma yana kan benci shi kaɗai. Na fizgo jakata da ayabar, ban san yadda na tsallake ƙafafun mutane na sauka ba. Na isa bencin, babu buhu, babu alamarsa. Ina tsaye mota ta tashi.

Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ba ƙarfen nake ji ba. Tunanina shi ne in dawo in tsaya a bakin gadonki in ce abin da kika ciyar da gida biyu da shi, na sace na kai na zubar a tasha. Na zauna kan bencin na yi kukan da ban yi ba tun ranar da kika faɗi. A gida ba na iyawa, kina kallo.

Ina cikin haka wata dattijuwa mai shara ta zo ta tsaya a kaina da tsintsiyarta. Ta ce tana nan lokacin da na yi wa benci magana, ta duba hagu ta duba dama ba ta ga Yaya ba, sai ta ce ko dai matar nan ba ta da lafiya, ko kuma ta saba da wani. Ta jira, ta ga wasu sun fara zagaya buhun, sai ta ja shi zuwa ɗakin da take ajiye bokitai ta kulle. Amma ta ce ba za ta ba ni ba sai na faɗi abin da ke ciki. Na ce kan keke ne baƙi, fentinsa ya goge a gefen dama inda hannu ke kwanciya, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya don soke allura. Ta buɗe ta gani, sannan ta wanke ni tas, irin wankin da kike yi min. Har daɗi na ji.

Ita ta koya min in ɗaura igiyar buhu a wuyan hannuna in zan zauna, kuma duk inda zan tashi in juya in dubi wurin da na bari kafin in ɗaga ƙafa. Ta ce mai tafiya shi kaɗai ba shi da ido a baya, sai ya riƙa juyawa. Na ba ta ayabarki.

Tun daga nan na lura mutane sun fi yi wa mutum ɗaya magana. Da muna tare, ke nake kallo, ba na ganin kowa. Jiya a mota wani malamin makaranta ya zana min hanyar shagon tsohon a bayan takarda, da kwana-kwananta, ya ce in tambayi wani kuma in na sauka, don shi ma yana iya kuskure. Haka na yi, kuma ya yi kuskuren kwana ɗaya.

Na kai keke. Tsohon ya juya shi, ya saurari ƙararsa, ya ce mai wannan keken ta san sa masa mai. Ya ce in dawo ranar Juma'a. Na faɗa masa gaskiya cewa hannun hagunki ma ba shi da ƙarfi, ya ce zai yi tunani.

Ki rubuto ko da zagi ne.

Taki,
Shiru-shiru


Asabar, da safe

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida baki ɗaya. Ni lafiya, sai kewarku.

An gama. Injin ɗan ƙarami ne, bai kai kwanon sha ba, an ɗaura shi a bayan keke, fedarsa kuwa yatsan ƙafa ma ya isa. Saboda hannun, tsohon ya sa wani ɗan ƙarfe kusa da allura wanda bakin yadi zai riƙa bi, ba sai an riƙe da hagu ba. Na ce ban yarda ba sai na gwada. Na zauna a shagonsa, na sa hannun hagu a bayana, na naɗe ƙafar hagu ƙarƙashin kujera. Layin farko ya tafi kamar hanyar tururuwa, har masu jiran gyara suna dariya. Na biyu dama-dama. Na uku ya miƙe. Ni ke nan da kike cewa ɗinkina sai dai a yi haƙuri, ina ga ke.

Duk da haka jiya jikina a sanyaye na koma masauki. Kwana huɗu babu amsa. Na ce watakila na yi miki shisshigi, na ɗauko abin da za ki kalla ki ƙara jin ciwo. Har na fara shirya yadda zan ba ki haƙuri.

Yau da safe na je tasha tambayar motar gobe, sai direba ya ɗago min hannu, ya miƙo takarda ninki huɗu. Tun kafin in buɗe na gane rubutunki. Babu gaisuwa, babu sannu da hanya. Layi biyu: wai in ce wa tsohon kada ya kuskura ya canza miki ƙafar danne yadi, kin saba da ita, kuma in sayo allura lamba sha shida, na gida duk sun yi tsatsa.

Na karanta sau huɗu a tsaye, masu lodi suna ta kauce min. Yaya, wanda zai sayar da keke ba ya aiken allura. Bai taɓa ƙafar ba, na duba da idona. Allura kuwa fakiti uku na saya, don na san ba za ki yi wa keken nan da sauƙi ba.

Wannan takardar za ta riga ni da kwana ɗaya. Ki sa a goge teburin, a matsar da shi kusa da taga inda wayar wuta za ta kai. Gobe kafin la'asar ina gida, in Allah Ya yarda.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shiru-shiru