Abokina ne ya kwance safayar motata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara tun kafin in aikata abin da zuciyata take raya min, don yau sati biyu ke nan ko abincin kirki ba na iya ci.

Ni mutumin Haɗeja ne, ina da tsohuwar a-kori-kura da nake ɗauko tattasai da shinkafa daga ƙauyuka, irin motar nan da safayarta take ɗaure da sarƙa a ƙarƙashi, ba ka ganinta sai ka durƙusa. Ina da aboki bakanike, unguwa ɗaya muka tashi, shi kaɗai yake taɓa min mota, nakan bar masa ita da makulli in tafi harkata.

Lokacin yankan shinkafar bara, wata rana da hantsi aka bugo min waya cewa maciji ya sari Babanmu a gonarsa ta fadama, can wajen Baturiya. Na je na ɗauko shi, ƙafar ta fara kumbura amma yana magana, har faɗa yake min wai na cika gudu. Mun baro ƙauyen kaɗan tayar baya ta fashe. Ban damu ba, na kafa jak na shiga ƙarƙashin mota, sai sarƙa kawai na gani tana reto. Jama'a, hanyar nan babu mai faci, waya ba ta shiga, mun fi awa biyu cikin rana kafin wani mai babur ya ɓullo, muka sa Baba a tsakiya ina riƙe da shi, jini yana fita ta bakinsa. Kafin la'asar ya cika a asibiti. Ba na ja da ikon Allah, na san in kwana ya ƙare ya ƙare, amma awa biyun nan sun ƙi barin raina.

Da abokin nan nawa aka ɗauki makara. Kwana uku yana zaune kusa da ni yana karɓar gaisuwa.

Sati biyu da suka wuce a Malam Madori na ga wani direba yana canza taya, na tsaya in kama masa. Ina ganin wilin safayar da zai ɗaura na gane nawa ne, don akwai inda ya taɓa tsagewa aka yi min walda, na shafa koren fenti da hannuna. Na tambaye shi cikin dabara inda ya saya, sai ya ambaci garejin abokina, ya ce ai can ake samun safaya da araha.

Na je na sami abokin nawa, da farko ya dinga rantsuwa, da na ce zan kawo direban sai ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar da na kai gyaran birki ya kwance ta, matsi ne ya sa shi, wai niyyarsa ya mayar kafin in lura. Sannan ya dube ni ya ce, "Haba ɗan'uwa, taya ce fa, gobe in ɗaura maka sabuwa." Wallahi da ya yi shiru da ya fi min sauƙi.

Yanzu ga inda nake. Direbobi da yawa a tasharmu sun rasa safaya haka, har aka kori wani dattijo maigadi bisa zargi, kuma sun rantse duk ranar da suka kama ɓarawon sai sun karya hannunsa. In na buɗe baki a gabansu sai dai a kwashe shi a tabarma, garejin ma ba zai tsira ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin da nake so ke nan. So nake ya kwanta a ƙasa yana jiran taimako, yana kallon hanya babu kowa.

Yayana ya ce ko in kai shi wajen 'yan sanda ko in bar shi da Allah. 'Yan sanda kwana biyu za a yi belinsa ya dawo yana gaisa da mutane. Ga shi matarsa 'yar ƙanwar Innarmu ce, yaransu biyar. Inna kuma ba ta san komai ba, har yau in ya zo gaishe ta albarka take sa masa saboda hidimar da ya yi a rasuwar mijinta, ni ina tsaye ina ji.

Ranar Asabar direbobi suna da taro, kuma zan je. Ku gaya min tsakani da Allah, in ubanku ne ya rasu a haka, za ku kama bakinku ko za ku miƙe ku faɗi sunan?