Kwamfutata ta ba ni amsa biyu, kakata kuma ta riga ta shuka lalle

Salama gare ku 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata ta kasa zama wuri ɗaya.

Ni 'yar Gure ce, ina shekarar ƙarshe a karatun injiniyan ruwa, asalinmu wani ƙauye ne a wajen Bune. Garin yana da foraj, wato rijiyar burtsatse, da shato, babban tankin ruwa na sama, mai aiki da hasken rana, amma ruwan ba ya kai unguwar kan tudu, inda kakata take. Mata sai sun gangaro da bido, wato jarka, su hau da ruwan cikin rairayi. Da kwamitin ruwa ya yanke shawarar jan tiyo zuwa can, sai kawuna, wanda shi ne shugaban kwamitin, ya ce tunda 'yarsu ta yi boko, in lissafa masu ko ruwan zai hau. Na ji daɗi sosai, har na mai da aikin ya zama memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu.

Lissafin ba irin wanda ake warwarewa kai tsaye ba ne. Ruwan kowane tiyo ya dogara da na sauran, ƙarfin famfon kuma yana canzawa da yawan ruwan da ake ja, komai a sarƙe yake. Sai dai ka rubuta porogaram, ka ba shi hasashen farko, ya yi ta gyarawa kaɗan kaɗan har kuskuren ya kusa ƙarewa, ya tsaya. Karon farko da ya tsaya, ya nuna ruwa yana kai robine na ƙarshe, wato kan famfon da za a riƙa tarar ruwa a kan tudu. Cikin murna na kira kawu na gaya masa.

Bayan haka Mushe, malamin da ke duba aikina, ya ce in canza hasashen farkon in sake gwadawa. Na canza, sai porogaram ya tsaya a wata amsa dabam, wadda ke cewa ruwan zai tsaya a tsakiyar tudu. Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya ban ga kuskure ba, duka amsoshin sun cika sharuɗɗan. Abin ya zama mani kamar tafiya cikin tuddan yashinmu, inda ka fara taka ƙafa shi ke zaɓar kwarin da za ka gangara. Mushe ya ce sai an je an auna famfon na tsawon kwanaki, safe da rana da yamma, kafin a san wacce ce ta gaskiya, kuma na'urar awon tana hannun wasu sai wata mai zuwa.

Na yi wa kawu bayani, ransa ya ɓaci. Ya ce ya riga ya sanar a ƙofar masallaci, matasa sun fara gayyar haƙa, tiyo na hanya daga Damagaram. Ya ce, "Ke ɗiyata, inji ya ce eh, me ya kai ki sake tambayarsa?" Ya kuma gargaɗe ni cewa in na kai maganar gaban kwamiti, masu son a ja tiyon zuwa wajen shayar da dabbobi za su yi nasara, kan tudu kuma ba za ta sake samun wannan damar ba.

Jiya na je ƙauyen. Kakata ta kama hannuna ta kai ni inda aka kafa turken robine, ta nuna mani dashen lalle ɗan ƙarami da ta kewaye da ƙaya. Cikin ruwan shanta take rage masa. Tana dariya ta ce, "Ƙawata, kafin ruwanki ya iso ni ke riƙe da shi, in ya iso sai ki karɓa." 

Kwamiti zai zauna ranar kasuwa. In na yi magana, wataƙila na hana ta ruwan da da zai hau. In na yi shiru, wataƙila ta buɗe robine iska ta fito. 'Yan uwa, amsar farko kaɗai zan kai masu, ko duka biyun?