Baƙin Inna Ulang a Filin Yakiu

Ngiwal, Palau
Watan Afrilu

Zuwa ga ƙanena Olikong,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Kliu da 'yarmu Ilong. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya sassauta muku sanyin Oregon ɗin nan da kullum kake kuka da shi kamar wani ne ya aike ka. Mu nan kowa lafiya lau. Maigidana ya samu kifi sosai a watan nan, har mun kyafe wani. Ciwon gwiwar Inna Ulang ya lafa tun da ta yarda ta bar wa 'yan mata shiga lakar fadamar gwaza, bakinta ne kawai bai lafa ba.

Kwalin da ka aiko ya iso lafiya, babu abin da ya ɓace: safar hannu ta fata, ƙwallaye, hulunan kwano da sandunan bugu. Na gode, na gode, Allah ya saka da alheri. Na san irin tsayuwar da kake sha a masana'anta kafin ka haɗa waɗannan kaya, shi ya sa na ga godiya ta waya ba za ta isa ba, gara in zauna in ba ka labarin abin da kwalinka ya jawo.

Ka san yakiu, wanda mutanenka na can suke kira besbol, ya wuce wasa a garin nan. Tun muna yara ban taɓa ganin an yi gasar yara babu sunan Ngiwal ba. To bana da aka zo haɗa ƙungiya, yara bakwai kacal aka samu, wasan kuwa sai da tara. Sauran duk kun kwashe su, wasu Guam, wasu Hawaii, wasu birnin Koror. Masu shirya gasa suka ce in ba mu cika ba za a cire sunan garinmu. Ranar na ga Kawu Temengil, wanda ya koya maka jifa kuma har yau shi ke horar da yara, ya zauna a bakin fili yana tauna buuch, goronmu na nan, ya kasa ko tofarwa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Abin haushin shi ne yaran suna nan, a gabansa ma. Kullum da yamma akwai 'ya'yan baƙi da ke maƙale a jikin wayar shingen fili suna kallon atisaye, in an tashi su shiga da gora da ɗanyen lemo su yi nasu. Biyu daga cikinsu kowa ya san sun iya. Akwai Jonalyn, 'yar bakaniken nan ɗan Filifin da ke gyara mana injin kwalekwale, da Tanvir, ɗan Mofiz mutumin Bangladesh mai shagon bakin hanya. Dukansu a nan aka haife su, yarenmu a bakinsu ya fi na Ilong ɗinka daɗi, kar ka ji haushi. Na je na sami Kawu na ce ga mafita. Sai ya harare ni ya ce baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya bushe, kuma shi ba zai sa wa ɗan wani rigar Ngiwal ba, balle mace. Na ce to Kawu sai mu sa wa kaguwa rigar, su ne 'yan asalin garin da ba sa tafiya Amurka. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Ana cikin haka kwalinka ya zo. Na kai shi fili aka buɗe a gaban kowa, kaya suka fi yaranmu yawa. A can ƙasa sai ga tsohuwar safarka ta bahago, wadda babu yaron garin da za ta yi wa amfani. Jonalyn ta leƙo ta waya ta ce, a hankali, ita ma bahaguwa ce. Kafin Kawu ya buɗe baki na miƙa mata. Ta saka, ta ɗauki ƙwallo ta jefa wa yaronmu mai cafke ƙwallo, ɗan gidan Sakuma, sai da yaron ya cire hannu yana yarfewa. Kawu ya gani sarai, amma ya juya baya ya ce a mayar da kaya cikin kwali.

Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai gidan Inna Ulang, tunda ita ce yayarsa kuma babbar macen danginmu. Ta saurare ni har na gama. Washegari ta sa aka haƙo gwaza daga fadamar kakarmu, wadda ba a taɓa ta sai don hidimar dangi, ta dafa da miyar ganye da madarar kwakwa, ta kira yaran biyu da iyayensu suka ci a cikin ɗakinta. Sannan ta aika a kira mata Kawu. Ina tsaye a bakin murhu na ji komai. Ta ce, “Kai Temengil, ranar da muka binne ƙanwarmu, wa ya sauke buhunan shinkafa a ƙofar nan ba a roƙe shi ba, in ba Mofiz ba? Wa ya tayar da injin kwalekwalen da ya ɗauko danginmu daga tsibirin Peleliu, in ba uban Jonalyn ba? A gidan nan wanda ya ɗauki nauyi ranar nauyi ɗan gida ne. Sun ci gwazan uwarmu, na ɗauke su 'ya'ya. Kuma sarautar da kake yi wa mutane taƙama da ita mu mata muka ɗora maka, hannun da ya ɗora kuwa bai shanye ba.” Kawu ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Ya ji ɗin, amma jin kunne ne. Ya karɓe su a fili, yana koya musu yadda ya kamata, sai dai bai taɓa kiran sunansu ba. Daga “ke yarinya” sai “kai ɗan mai shago”, in yana magana da mutane kuma ya ce baƙin Ulang. Abin yana ci mini rai, musamman in na ga yadda Tanvir ke kallon bakinsa yana jiran kalma ɗaya ta yabo. Amma da ka ga filinmu a makonnin nan da ba ka gane shi ba. 'Yan Filifin suna zuwa bayan aiki da iyalansu, 'yan matan sakandare da ba su taɓa damuwa da yakiu ba sun cika benci suna ɗauka da waya, ƙananan yara kowane iri suna rububin tsintar ƙwallo. Rabon da in ga mutane haka tun kana jifa.

Ranar wasanmu na farko muka cika motoci muka tafi Koror. Mofiz, da ko ranar Kirsimeti ba ya rufe shago, ya rufe ya biyo mu da kwalayen ruwan sanyi. Jonalyn ta fara jifa, yaran birni suka yi ta kaɗa iska, tsofaffin matanmu suna buga murfin tukunya. Can aka zo kan Tanvir. Ya ɗaga sanda ya maka wa ƙwallon nan duka, ta tashi har bayan masu tsaron nesa. Sai murna ta ɗebe shi. Ashe tun yana rarrafe kurket ubansa ya koya masa, wasan ƙasarsu, inda ake gudu da sanda a hannu a nufi wajen mai jifa. Maimakon ya yar da sanda ya bi dama zuwa tasha ta farko, sai ya miƙe sak da sanda a ɗage ya nufi yaron da ya jefo masa. Yaron kuwa ya ga ana zuwa da kulki, ya watsar da safa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Fili ya kaure da dariya, har alƙalin wasa sai da ya riƙe ciki.

Ni ma na yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Mai horar da yaran can, wani mai tumbi, ya shigo fili yana ɗaga murya, wai ga shaida kowa ya gani, waɗannan ba 'ya'yan Ngiwal ba ne, haya muka yi, a kore mu daga gasa. Alƙali ya tsayar da wasa ya kira Kawu ya tambaye shi yaran nan biyu na wane gida ne. Tanvir yana tsaye a tsakiyar fili, sanda har yanzu a hannunsa, hawaye na zuba. Olikong, na san kalma ɗaya daga bakin Kawu ta isa ta mayar da mu gida. Kawu ya taka a hankali, ya tofar da goronsa, ya karɓi sandar daga hannun yaron, ya dafa masa kai. Ya ce, “Wannan Tanvir ne, waccan Jonalyn. 'Ya'yan yayata Ulang ne, ni ne kawunsu. Mai tambaya a kansu ya zo gidanmu ya tambayi matan gidan, in yana da ƙarfin hali.” Mai tumbi ya waiga ya ga Inna Ulang ta fara miƙewa da sandarta, sai ya koma bencinsa. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

An cinye mu a wasan, kar ka ce na rufe maka. Amma sunan Ngiwal yana cikin gasa, kuma yaran da ke zuwa atisaye yanzu sun fi safar da ka aiko yawa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, naka ya maƙale a wuri mai kyau.

A hanyar dawowa Kawu yana gaban motarmu, da muka haye gada sai ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne Ilong ta shiga ƙungiyar makarantarsu a can. Na ce haka ka gaya mini. Sai ya ce in tambaye ka, in wani ya tashi a filin can ya ce yarinyar nan ba 'yar garin ba ce, akwai wanda zai taka ya dafa kanta? Ya ce kar ka amsa mini ta waya, ka rubuto, yana so a karanta masa.

Ka gaishe mini da Kliu da kyau, ka rungume mini Ilong. Ka gai da ɗan garinmu Moded da iyalinsa in kun haɗu a coci. Inna Ulang da maigidana suna gaishe ku, Mofiz da uban Jonalyn ma sun ce lallai in saka gaisuwarsu. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Imengel