Na Sauya Layin Gida, Inna Ta Daina Kula Ni

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki raba ni da mutanen gidanmu, don na kusa fashewa.

Ni mai gyaran injin ban ruwa ne a Durun, kuma rabin sana'ar nan a waya na koye ta. Layin da muke amfani da shi a gida tun Baba na da rai, wallahi azaba ne. Bidiyo ɗaya sai ya yi ta juyawa har shayi ya huce. Kira kuwa sai ka fita bayan gida ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Na kira kamfanin har na gaji, kullum wata murya ce ke ba ni haƙuri. Da wani kamfani ya kafa ƙarfensa kusa da mu, na je Gwarzo na sayo ɗan akwatin intanet da sabon layi, na cire tsohon daga wayar Inna na sa mata sabo. Yanzu daga kan tabarmarta take jin tafsiri, ƙannena na karatu, ni ma aiki na tafiya. Wa ya ce mini sannu? Babu.

To, ana haka sai yayar Inna, Iya Gwamma, ta rasu a Mainika. Suka yi ta kiran tsohuwar lamba, a kashe. Kowa ya zaci wani ya faɗa mana. Sai bayan sadakar uku muka ji a bakin mai kai kaya kasuwa. Da Inna ta je, Kawu Badamasi ko ɗaga kai bai yi ba, matan gidan na cewa dama tun rabon gona take riƙe da 'yar'uwarta a zuci. Tun da ta dawo, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Yanzu Yaya Uzairu ya ce in tattara akwatina in mayar da tsohon layi. Shi da yake zuwa gefen tagata yana shan intanet ɗin kyauta! Kuma fisabilillahi, Mainika Makka ce? Duk babu mai babur a garin? Ni ban ga laifina ba, kuma ba zan koma wa kamfanin da ya wulaƙanta ni ba. Ki faɗa musu gaskiya.

Mai Gyaran Inji, Durun

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Iya Gwamma, ya ba ku haƙuri.

Sauya kamfani ba laifi ba ne, kuma ba sai ka mayar da akwatinka ba. Mutanen Mainika ma sun yi sakaci, rasuwar 'yar'uwa ba a barin ta ga waya kaɗai.

Amma lambar da ka cire ba taka ba ce. Ita dangi suka haddace shekara da shekaru, wasu ma ba su iya karatu ba, jikoki ne suka adana musu ita. Ka cire ta ba ka sanar da kowa ba, kuma ban ga inda ka ce ka shawarci Inna ba.

Ka nemo tsohon layin yau, ka sa shi a ƙaramar waya, don in ya daɗe a ajiye kamfani na iya ba wa wani. Sannan ka je ofishin sabon kamfanin ka tambayi yadda ake dawo da lamba wurinsu ba tare da an sauya ta ba. Ka tafi da wanda sunansa ke kan rajista, da katin shaidarsa. In sunan marigayi ne, su faɗa maka takardun da ake bukata.

Babban aikin kuwa ba na waya ba ne. Ana zargin mahaifiyarka da gaba da mamaciya, kuma kai kaɗai ne za ka iya wanke ta. Ka ɗauke ta a babur ku koma Mainika, ka durƙusa gaban Kawu Badamasi, inda matan gidan za su ji, ka ce kai ka cire layin, ita ba ta san ba a samunta ba. Maganar mai babur ka bar ta a gida.

Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya yi wa sana'arka albarka.