Tokar Mama Herminda

Pinalto, 21 ga Yuni, 1998

Zuwa ga maigidana Floridor,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gindin dutse. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na mahaƙar tagulla. Yaya tarin nan naka, ya sake ka? Mu nan lafiya lau. Marisol ta yi famfara, yanzu in ta yi dariya sai ka hango harshe. Mahaifiyarka kuma ta fara sabawa da gidanmu, ko in ce gidan ne ya fara sabawa da ita. Tun da ka sauko da Mama Herminda daga ƙauyensu na bayan kwari, ba tukunyar da ta bari a inda ta same ta. Ragon da ta zo da shi ya yi ƙiba har tafiya na ba shi wuya. Ta ce ragon dawowarka ne, ko kallonsa ba ta so a cika yi.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce kamfani ya yi maka tayin aikin dindindin, suna jiran amsa ƙarshen Yuli, in ka karɓa sai mu kwashe kaya mu biyo ka Calama. Floridor, ni in koma garin da ruwan sama bai san hanyarsa ba? Ban yi barcin kirki ba tun da na karanta. Ina tuna maka abin da ka faɗa a bakin titi ranar tafiyarka. Ka ce in gangaren zamiyar ƙanƙara ya buɗe a hutun hunturu na makarantu cikin Yuli, za ka dawo ka kama injin igiyar da ke jan mutane sama. Ni dai na riƙe maganar nan gam.

Ba zan ɓoye maka ba, bana ma sama ta yi mana rowar ƙanƙara kamar bara. Daga ƙolin dutse zuwa tsakiyar gangare fari tas, amma daga nan zuwa ƙasa wajen rumfata sanƙo ne irin na Don Baldomero, shugaban ƙungiyarmu. Na gaya masa haka a taro. Ya cire hula ya shafa kai ya ce, "Eduvina, nawa dai bai hana kowa cin abinci ba." Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Masu hayar allunan zamiya sun goge kaya sun jera, masu ɗakunan baƙi sun shanya barguna, ni na tara kabewar suyar sopaipiya, fanken nan namu na fulawa da kabewa, duk mun zuba wa sama ido. Ɗan abin da masu hawan dutse suka bar mana lokacin zafi ya daɗe da ƙarewa.

Mai motocin yawon buɗe ido na Temuco ya aiko cewa zai zo ya gani da idonsa. In gangare ya yi fari daga sama har ƙasa, zai turo mana 'yan makaranta da iyayensu. To mun yanke shawara: tunda ƙanƙara ta ƙi saukowa, za mu je mu sauko da ita. A kwazazzabon bayan dutse, inda rana ba ta leƙawa, tana nan jibge har ƙugu. An kira gayya ranar Asabar, Don Baldomero ya ba da tunkiya, don ka san a nan ba a kiran gayya da tukunya a kife.

Kada ka sa hannu a kan komai. Mama da Marisol na gaishe ka.

Taka har kullum,
Eduvina

Pinalto, 29 ga Yuni

Floridor nawa,

Ina gaishe ka cikin gajiya. Da fatan kana lafiya, kuma kana cin abinci irin na mutane, ba burodi da shayi kawai ba.

An yi gayya, kuma da ka gani da ka yi ƙwalla. Ba wanda ya rage a gida sai kaji. Amalanken shanu suna hawa suna saukowa, mata da buhuna, maza da shebur, har malamin makaranta ya zo da bahon wankan 'yarsa. Ana zubewa, mu kuma muna jeruwa mu riƙe kafaɗun juna muna tattakawa. Da ƙafafu suka fara mutuwa sai Uberlinda, ƙawata mai ɗakunan baƙi, ta ɗauko waƙar biki, aikin ya koma rawa. Don Baldomero ya shiga tsakiya yana kaɗa hankici, ta ce masa, "Don Baldo, taka da ƙarfi, yau dai tumbin nan ya yi mana rana!" Ya ce, "Shekara nawa ina tara shi saboda irin wannan rana." Kafin yamma sanƙon ya rufe. Muka ci tunkiya har ƙashi, muka tsaya muna kallon aikinmu kamar yau muka fara ganin fari.

Sai dai ka san ƙanƙarar da aka tattaka ba irin mai saukowa da kanta ba ce. Sanyi ya sauka a kanta, gari ya waye ta daskare tana ƙyalli. Yara suka ɗauko alluna don gwaji, Marisol ma ta bi su. Ba ta yi nisa ba ta sha ƙasa, ta tashi da ƙulu a goshi. Ba wani abu ba ne, na shafa mata man shanu, har ta koma. Amma Mama tana tsaye a bakin rumfata ta gani. Ka san a ƙauyensu ba a wannan wasa, ba ta taɓa kallonsa kusa ba. Ta riƙe haɓa ta ce, "Wato duk wahalar jiya, don yara su zo su karye aka yi ta?" Na ce, "Mama, santsin ai shi ne abincinmu." Ta dube ni irin duban da take yi wa miyata.

Mutumin Temuco zai zo cikin satin nan. Fara ɗaure jakarka. Zuciyata fari ƙal take yau.

Matarka mai jiranka,
Eduvina

Pinalto, 3 ga Yuli

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiyar jiki da sauƙi. Zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Ka san abin da kowace tsohuwa ke yi a nan in ƙofar gida ta daskare: ta kwashi tokar murhu ta barbaɗa don kada wani ya zame. Shekaranjiya da sassafe mahaifiyarka ta ɗauki baro ta bi gida gida tana neman toka. Ba wanda ya tambaye ta dalili, wa ke tambayar abin da za a yi da toka a hunturu? Uberlinda har ƙara mata ta yi da ta gasa burodi. Ina can ina kwaɓa fulawa ban san wainar da ake toyawa ba. Da na fito rumfa, Floridor, sai na ga gangaren gayyarmu baƙi ƙirin, layi layi, an barbaɗe shi tsaf kamar gonar da aka zuba wa taki. Ba ta yi ha'inci ba ko kaɗan, tun daga bakin titi ta faro.

Kuma ranar ce rana ta ga damar fitowa. Baƙar toka ta sha zafi, ƙanƙara ta dinga narkewa a ƙarƙashinta. Kafin tsakar rana wurin ya zama kunu.

Na same ta tana kakkaɓe zani, fuska cike da jin daɗi. Na ce, "Mama! Me kika yi mana?" Ta ce, "Na gyara muku. Yanzu ko jariri ya taka ba zai faɗi ba." Na ce, "Faɗuwar ake biya a zo a yi!" Ta ce, "To mutanen birni ba su da hankali. Ni tun ina budurwa nake zuba toka, ba wanda ya taɓa karyewa a ƙofata." Raina ya ɓaci, na ce da ita, "To ɗanki kika zuba wa. In wurin nan bai buɗe ba, ba zai dawo ba." Ashe ba ka taɓa gaya mata alkawarin da muka yi ba. Ta dubi gangaren, ta dube ni, ta tura baronta ta tafi gida. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jiya mutumin Temuco ya iso. Yana fitowa daga mota ya taka gefen da tokar ba ta kai ba, sai ga ƙafafu a sama. Muka ɗaga shi muka ɗora shi a kan layin Mama, ya tako lafiya har rumfata. Ya ci sopaipiya, ya daɗe yana kallon ɓarnar, sannan ya ce, "Wannan hanyar ƙafa ku bar ta, iyayen yara za su so ta. Amma wancan kunun ba zan kawo kowa kansa ba. Zan dawo sati mai zuwa, in bai yi fari ba shi ke nan."

Ƙanƙara tana nan a kwazazzabo, mutane ma ba su ƙi ba. Amma an cinye tunkiyar Don Baldomero, kuma a shekara irin wannan ba mai dabbar da zai ba da. Ba wanda ke da fuskar kiran mutane su wuni cikin sanyi a sallame su da ruwan zafi. Tsoro nake ji, Floridor. Ba na fushi da ita yanzu, kewarka ce ta fi ƙarfina.

Taka,
Eduvina

Pinalto, 13 ga Yuli

Abin ƙaunata Floridor,

Gaisuwa da murna! Ina fatan kana lafiya, don ina bukatarka da ƙarfinka.

Kwana biyu Mama ba ta yi mini magana ba, ko gyara mini tukwane ta daina, har na fara kewar abin. Ranar Lahadi ana fitowa daga coci sai ga ta da igiya a hannu, ragonka na biye da ita yana nishi. Ta tsaya gaban Don Baldomero ta ce, "Kai mai sanƙo, kira mutanenka." Ya ce, "Doña Herminda, wannan ai na Floridor ne." Ta ce, "Na ajiye shi don dawowarsa, to dawowar tasa ce zai yi wa aiki. Ko kuna so in yanka muku da kaina?" Na juya baya don kada a ga idona, Uberlinda ta miƙo mini hankici tana cewa sanyi ne ke sa hawaye.

Gayya ta biyu ta fi ta farko wuya, don sai da muka kankare tokar tukuna. Mama da kanta ta karɓi sandar korar shanu, tana yi musu tsawa da sunayensu, ta fi samari saurin kai da komowa. Duk wanda ya wuce sai ya tsokane ta, "Doña, ba sauran toka a aljihu?" Ita kuma ta ce, "Akwai ta bakinka." An bar mata hanyarta a gefe, daga titi zuwa rumfata zuwa inda iyaye ke tsayawa kallo. Don Baldomero ya kafa sanduna ya ja igiya, ya ce, "Nan naki, can namu. In kika tsallaka sai mun kai ƙara wajen ɗanki."

Mutumin Temuco ya dawo, ya hau, ya sauko, ya sha mate, shayin nan namu na ganye, sannan ya miƙa wa Don Baldomero hannu. Jiya motoci suka iso. Floridor, gangare ya buɗe! Yara na ihu suna faɗuwa, kakanninsu na bin hanyar toka har bakin kaskona, kabewata ta kusa ƙarewa. Mama na zaune gefen murhu tana girgiza kai duk sanda wani ya sha ƙasa. Ƙanin Uberlinda ne ke riƙe da injinka, yana ta tari yana hayaƙi, injin nake nufi, kodayake shi ma haka.

Mun cika namu. Ragonka ya yi daɗi ƙwarai, ka yi haƙuri, ko ƙafa ba ta rage ba. Saura kai.

Mai ƙaunarka,
Eduvina

Pinalto, ranar Juma'a

Floridor,

Sannu da hanya. Ina fatan doguwar tafiyar ba ta karya maka baya ba. Direban motar ƙauye ne zai miƙa maka wannan in ka shiga a Lonquimay, na ce masa ya nemi mutum mai gashin baki da ya rame.

Mun ji saƙonka a rediyo, cikin saƙonnin tsakar rana, tsakanin cigiyar doki da sanarwar rigakafin shanu: "Ga Eduvina a Pinalto, Floridor na tafe ranar Asabar, ya ajiye aiki." Na saki kwanon fulawa a ƙasa. Marisol ta ruga ta gaya wa duk gari abin da duk gari ya riga ya ji. Mama ta tashi ta leƙa murhu.

Daren jiya sama ta tuna da mu, ta zubo ƙanƙarar da muka yi ta roƙo, bayan mun gama wahala har sau biyu. Komai ya rufe, har shingen gidanmu ba a gani. Don haka yau da safe mahaifiyarka ta sake ɗaukar baronta. Wannan karon ba sai ta bi gida gida ba, mutane ne suka fito da bokitai, har Don Baldomero da tasa tokar a tsohuwar hula. Ni na tura mata baron, ita tana barbaɗawa.

Babu rago, sai sopaipiya da miyar wake. In ka sauka a bakin titi, kada ka damu da yadda gari ya canza. Za ka ga baƙin layi a cikin farin. Ka bi tokar, a ƙofarmu ta ƙare.

Matarka,
Eduvina